Harrier: Me Ya Sa Aka Ajiye Shi, Me Kuma Ya Sa Ake Kewarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na ga bidiyon wani jirgin yaƙi mai suna Harrier yana tashi tsaye ba tare da ya yi gudu a titi ba, ya tsaya cak a sama, har ya ja da baya. An ce Birtaniya ta daɗe da ajiye nata, Amurka ma tana sallamar nata, kuma na ga tsofaffin sojojinsu suna maganarsa kamar an yi musu rasuwa. In yana da kyau haka, me ya sa za a ajiye shi? In kuma tsufa ya yi, mene ne abin kewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abubuwan nan biyu da kake gani kamar suna karo da juna duk gaskiya ne. Jirgin ya cancanci a yi kewarsa, kuma zamaninsa ya wuce. Sai dai kada ka yi wa ajiyewar Birtaniya da ta Amurka kuɗin goro. Amurka ta mori nata har ya tsufa a hannunta. Birtaniya kuwa da sauran ƙarfinsa ta ajiye shi a 2010, saboda matsin aljihu, kuma ni har yau ina ganin an yi gaggawa. Amma bari mu faro daga dalilin ƙera shi, don in ba ka san wannan ba, ba za ka gane hawayen dattawan nan ba.

Jirgin yaƙi mai injin jet, duk ƙarfinsa, ba ya rabuwa da titi. Yana buƙatar shimfiɗar kankare mai tsawon kilomita biyu ko fiye kafin ya ɗaga, haka ma in zai sauka. Titi kuwa ba ya ɓuya, ba ya gudu. A shekarun 1950, tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, hafsoshin ƙungiyar NATO sun san cewa in Tarayyar Sobiyat ta kawo hari, filayen jiragen da ke Jamus ta Yamma ne za su fara shan wuta. Jiragen na iya tsira a rumfunansu, amma muddin an farfasa titi, babu inda za su je. Duniya ta ga haka ƙuru-ƙuru ranar 5 ga Yuni 1967, da Isra'ila ta ragargaza mafi yawan jiragen Masar suna ƙasa, ta kuma rarake titunansu da bama-bamai. To tun kafin wannan rana injiniyoyi ke neman jirgin da zai tashi daga fegi, ko daga bakin daji, ko daga hanyar mota.

Ƙasashe da yawa sun gwada. Faransa ta gwada da Mirage IIIV, Jamus ta gwada da VJ 101 da VAK 191B, Sobiyat ta yi Yak-38. Kusan dukkansu hanya ɗaya suka bi: a sa injin tafiya daban, a ƙara wasu ƙananan injuna na ɗagawa daban. Mirage ɗin nan injuna tara gare shi, takwas na ɗagawa ne kawai. Matsalar a fili take. Da zarar jirgi ya ɗaga, injunan nan sun zama kaya, dakonsu zai yi ta yi har ya dawo, kuma gurbin da suka cinye na mai ne da makamai. A cikinsu duka Yak-38 ne kaɗai ya shiga aikin soja, shi ma bai yi wani abin a-zo-a-gani ba, aka ajiye shi a 1991.

Dabarar da ta yi nasara daga wani Bafaranshe ta faro, Michel Wibault, wanda ya kawo shawarar a yi amfani da inji ɗaya, a riƙa juya inda iskarsa ke fita. Stanley Hooker da Gordon Lewis na kamfanin injuna na Bristol suka karɓi tunanin suka sauƙaƙa shi, ya zama injin da ake kira Pegasus. Kamfanin Hawker, ƙarƙashin Sydney Camm, ya gina jirgi a kewayen injin, Ralph Hooper ne ya yi mafi yawan zanen. A kewayen injin nake nufi, ba salon magana ba ne. In ka kalli Harrier ta gaba za ka ga manyan kafofin shan iska guda biyu dama da hagu, da wata ƙatuwar fanka a ciki. Jikin jirgin kusan duk inji ne.

Ga yadda yake aiki. A gefen jirgin akwai bututai huɗu, biyu a kowane ɓangare. Na gaba biyu iskar fanka suke fitarwa, wadda ba ta bi ta ɗakin wuta ba. Na baya biyu su ke fitar da iska mai zafi da ta ƙone da mai. Duka huɗun a haɗe suke da sarƙa da sanduna, ta yadda dole su juya tare, don in ɗaya ya saɓa wa sauran jirgin kifewa zai yi. Suna kallon baya, jirgi ya yi gaba kamar kowane jirgi. Aka juyo su suka kalli ƙasa, jirgi ya tsaya a kan iskarsa. Suna ma iya wuce tsaye kaɗan, har digiri 98 da rabi, su ɗan kalli gaba, wannan ne birkinsa kuma da shi yake ja da bayan da ka gani a bidiyo. Akwai wata hikima da ido ba ya gani: sassan injin biyu masu juyawa, ɗaya dama yake juyawa ɗaya hagu. An yi haka ne don ƙarfin juyin ɗaya ya kashe na ɗayan, in ba haka ba duk lokacin da matuƙi ya ɗaga hancin jirgi yana tsaye a sama, sai jirgin ya murɗe gefe da kansa. Mu da muka yi rayuwarmu a gindin injin jet, wannan inji muna cire masa hula.

Amma tsayuwa a sama ba nan ta ƙare ba. Fiffike da jela ba sa aiki sai iska na gudu a kansu. Jirgin da ke tsaye cak ba shi da wannan iska, don haka duk abin da matuƙi ya saba juya jirgi da shi ya mutu. Sai aka ja ƙananan bututu daga cikin injin zuwa hanci, da jela, da ƙarshen kowane fiffike, suna fesa matsattsiyar iska. Matuƙi ya karkata sanda dama, bututun da ya dace ya buɗe ya tura. Haka zai yi ta gyarawa, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kamar mai tsayar da taɓarya a tafin hannu. Kuma duk iskar da aka ɗiba don wannan gyara, daga ƙarfin ɗagawa aka rage ta.

Matuƙin jirgin yaƙi na yau da kullum hannun dama a sanda, na hagu a totur. Matuƙin Harrier yana da abu na uku, libar juya bututai, tana nan dab da totur, hannun hagu ɗaya ke yi musu hidima su biyu. Shi ya sa matuƙansa ke cewa jirgin hannu uku yake so. An yi haɗurra saboda mutum ya ja wannan yana nufin ya ja waccan. Wuri mafi haɗari kuwa shi ne tsakanin tsayuwa da tafiya, wajen gudun kilomita 55 zuwa 165 a awa, lokacin da fiffike bai gama kama iska ba. In hancin jirgi ya ɗan kauce wa iska a wannan gaɓa, fiffike ɗaya zai ɗaga fiye da ɗayan, ƙananan bututun nan ba su da ƙarfin mayar da shi, sai jirgi ya kife, ga shi kusa da ƙasa. Ka san abin da aka sa don kare matuƙi daga wannan? Wani ɗan ƙarfe mai juyawa a gaban gilashinsa, irin mai nuna inda iska ta dosa. A jirgin miliyoyin fam, ran mutum yana rataye da wannan ɗan ƙarfe, kuma kowane ɗalibi sai an cusa masa kada ya ɗauke ido daga kansa.

Sai kuma ruwa. Akwai tanki mai cin galan 50 na tataccen ruwa a bayan injin, ana fesa shi ciki don a sanyaya shi ya ba da ƙarin ƙarfi lokacin tashi ko sauka. Wajen daƙiƙa 90 yake yi ya ƙare. A ƙasa mai zafi, inda iska ba ta da kauri, wannan ruwa shi ne bambancin sauka lafiya da faɗuwa.

Samfurin farko, P.1127, ya fara ɗagawa ranar 21 ga Oktoba 1960 a filin Dunsfold, ɗaure da igiyoyi don kada ya ƙwace. Matuƙin gwajin, Bill Bedford, ƙafarsa na cikin filasta a ranar saboda haɗarin mota da ya yi. A watan Afrilun 1969 Harrier ya shiga aiki a rundunar sojan saman Birtaniya. Wata guda bayan haka aka yi gasar tsere daga Landan zuwa New York, matuƙi Tom Lecky-Thompson ya tashi daga wani filin ajiye gawayi kusa da tashar jirgin ƙasa ta St Pancras, a tsakiyar birni, ƙurar gawayi ta turnuƙe 'yan kallo, ya sauka a cikin New York, ya kammala tseren cikin awa shida da 'yan mintoci. Daga ranar jirgin ya shiga zuciyar Turawan Ingila. A Jamus kuma aka riƙa yin abin da aka ƙera shi dominsa: a ɓoye jirage a ƙarƙashin bishiyoyi, a lulluɓe su da raga, makanikai na kwana a tanti, jirgi ya fito ya tashi daga guntuwar hanya.

Bari in gyara maka wata fahimta a nan. Tashi tsaye da ka gani, yawanci na nuni ne. Jirgi ba zai ɗaga tsaye ba sai ƙarfin injinsa ya fi nauyinsa, kuma Pegasus mafi ƙarfi tan goma da ɗoriya yake turawa. In aka cika tanki aka rataya bama-bamai, nauyi ya wuce haka. Abin da ake yi a bakin aiki shi ne ɗan gajeren gudu, sannan matuƙi ya karkato bututai ƙasa-ƙasa, fiffike da inji su haɗu su ɗaga shi. In ya dawo ya ƙone mai ya sauke kaya, sai ya sauka tsaye. Wani hafsan sojan ruwa, Doug Taylor, ya ƙara dabarar ɗaga gaban jirgin ruwa ya zama gangare mai kallon sama, wanda ke cilla jirgin sama ya ba shi lokacin kama gudu. Da wannan ƙananan jiragen ruwa suka samu damar dakon jiragen yaƙi, abin da da sai manyan ƙasashe masu manyan jirage.

Sunan Harrier a yaƙin tsibiran Falkland ya kafu, a 1982. Ajantina ta mamaye tsibiran ranar 2 ga Afrilu. Birtaniya na nesa da wurin da kusan kilomita 13,000, ba ta da filin jirgi a kusa, kuma ta riga ta ajiye babban jirgin ruwanta na ƙarshe mai iya harba jiragen yaƙi na gargajiya. Abin da ya rage mata jiragen ruwa biyu ne, Hermes da Invincible, ɗauke da Sea Harrier 20, nau'in sojan ruwa. Daga baya aka ƙaro suka kai 28, tare da wasu na sojan sama. Ajantina ta fi su yawan jirage nesa ba kusa ba, wasu ma, irin su Mirage da Dagger, sun fi sauti gudu, abin da Harrier bai taɓa iyawa ba. Duk da haka Sea Harrier ya kakkaɓo jirage wajen 20, ba a harbo ko ɗaya nasa a faɗan sama ba. Shida aka rasa, biyu ta harbi daga ƙasa, huɗu ta haɗari.

Wannan tarihi gaskiya ne, amma masu kewa kan faɗi rabinsa. Jiragen Ajantina daga babban yankin ƙasarsu suke tasowa, tafiyar ɗaruruwan kilomita, su iso da man da bai wuce na 'yan mintoci ba, yawancinsu kuma jiragen ruwa suka zo nema, ba faɗan sama ba. Birtaniya na da sabon makami mai linzami na Amurka, AIM-9L, wanda ya fi na abokan gaba. Labarin da ake yawan bayarwa cewa matuƙa na juya bututai a tsakiyar faɗa su taka birki maƙiyi ya wuce, ba shi ne ya ci yaƙin ba. Kuma Harrier bai iya rufe sararin sama ba: an nutsar da jiragen ruwan Birtaniya Sheffield, da Ardent, da Antelope, da Coventry, da Atlantic Conveyor, aka ƙona Sir Galahad. Mutum 649 na Ajantina suka mutu, 255 na Birtaniya, da mazauna tsibirin uku. Abin da ba a iya musawa shi ne, ba don wannan jirgi ba, da Birtaniya ba ta ma isa ta je ba. Yana sauka a jirgin ruwa cikin hazo da igiyar ruwan da za ta hana wani jirgi sauka, domin shi tsayawa yake yi tukuna sannan ya sauka, sauran kuwa sauka suke yi sannan su nemi tsayawa.

A watan Yunin 1983 wani matashin matuƙi, Ian Watson, ya ɓace a tekun Atlantika, rediyo ya ƙi aiki, mai ya kusa ƙarewa. Ya hango wani jirgin dakon kaya na Sifaniya mai suna Alraigo, ya sauka a kan kwantenoninsa. Haka aka shigo da shi tashar Tenerife, jirgin yaƙi a kan kaya. Irin waɗannan labarai su ke sa a so jirgi. Mu ma nan Afirka ta Yamma ya zo: a watan Mayun 2000, da 'yan tawayen RUF suka doshi Freetown, jirgin ruwan Illustrious ya tsaya a gaɓar Saliyo, jiragen Harrier suka riƙa shawagi a kan ƙasar da sojojin Najeriya suka zubar da jini a cikinta ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG.

Yanzu ga ɓangaren da bidiyon bankwana ba ya nunawa, kuma ina so ka riƙe shi da muhimmanci. Jirgin nan ya ci rayukan masu tuƙa shi. Rundunar Marin ta Amurka, sojan ƙundumbalar da ke kai hari daga teku, ta fara amfani da shi a 1971. A 2002 jaridar Los Angeles Times ta yi bincike ta gano cewa sojojin rundunar 45 sun mutu a manyan haɗurra 143 da ba na yaƙi ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na jiragen sun salwanta. Binciken ya ci Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka. Indiya ta sayi Sea Harrier 30, kusan rabi haɗari ya cinye. Inji ɗaya ne, in ya tsaya jirgi na tsaye a sama babu fiffiken da zai tallafe shi, sai dai matuƙi ya ja kujerar da ke cilla shi waje, in ya samu sarari. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 an harbo biyar na Amurka, kuma an lura cewa zafin bututansa a tsakiyar jiki yake, don haka makami mai bin zafi cikin jirgin yake samu, ba jela ba. Duk wanda zai yi kewar Harrier, ya tuna akwai matan da ya mayar zawarawa da 'ya'yan da ya mayar marayu.

Makanikai ma sun sha wuya. In za a sauya inji, sai an cire fiffiken gaba ɗaya an ɗaga shi da ƙugiya, sannan a zaro injin ta sama. Ga shi da kwaɗayin tsakuwa: iskar da yake bugawa ƙasa tana tayar da duk abin da ke wurin, manyan kafofin nan su zuƙe, ƙaramin dutse ɗaya ya lalata fanka. Har iskarsa mai zafi yakan sake shaƙa in yana dab da ƙasa, ƙarfi ya ragu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

To mu zo kan ajiyewar. Birtaniya da Sea Harrier ta fara, ta gama sallamarsa a 2006, duk da cewa radarsa na cikin mafi kyau a Turai a lokacin, saboda injinsa ba ya jure zafin ƙasashe irin na Gabas ta Tsakiya, kuma sa masa babban inji zai ci kuɗi da yawa. Saura nau'in kai hari ƙasa, wanda ya yi aiki a Kandahar ta Afganistan daga 2004 zuwa 2009, aka kuma sabunta shi zuwa samfurin da ake kira GR9 da niyyar ya kai 2018. Sai gwamnatin David Cameron ta zo a 2010 ta ce ta tarar da wagegen giɓi a kasafin tsaro. A watan Oktoba ta yanke cewa ba za a iya riƙe Harrier da ɗaya jirgin kai harin, Tornado, duka ba, ɗaya zai tafi. Aka zaɓi riƙe Tornado, saboda ya fi yawa, ya fi dogon zango, yana ɗaukar makaman da Harrier ba ya ɗauka, kuma shi ke Afganistan a lokacin. Aka haɗa da jirgin ruwan Ark Royal aka ajiye. Wani matuƙi, Kris Ward, wanda mahaifinsa ya jagoranci ɗaya daga cikin rundunonin Sea Harrier a Falkland, ya tashi a gaban Firayim Minista ya ce ya yi fita wajen 140 a Afganistan, ga shi yanzu aikinsa na neman kuɓucewa, yaya ake so ya ji? Ranar 15 ga Disamba 2010 jirage 16 suka tashi daga sansanin Cottesmore suka yi zagayen bankwana. A shekarar da ta biyo aka sayar wa Amurka 72 a kan dala miliyan 180, ba don ta tashe su ba, don ta riƙa cire kayan gyara.

Hujjojin gwamnati ba na banza ba ne, amma ga abin da ya sa ban gamsu ba. Wata uku kacal bayan bankwanan aka fara kai hari Libiya. Amurka ta tashi Harrier daga jirgin ruwan Kearsarge, Italiya ta tashi nata daga Garibaldi, suna kusa da gaɓa. Jiragen Tornado na Birtaniya kuwa a daren farko daga Ingila suka taso, tafiyar kusan kilomita 5,000 zuwa da dawowa, ana ba su mai a sama, kafin a mayar da su wani sansani a Italiya. Sannan ƙasar da ta ƙirƙiro wannan fasaha ta zauna ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya da ke tashi daga teku har 2018, da F-35B, sabon jirgin yaƙi ƙirar Amurka, ya fara sauka a kan sabon jirgin ruwan Queen Elizabeth. Jirgi ana iya sayensa rana ɗaya. Ma'aikacin da ya san yadda ake jan jirgi a kan dandamali mai santsi da dare, cikin iska, shekaru ake yi ana gina shi, kuma sai da Birtaniya ta riƙa tura mutanenta jiragen ruwan Amurka don kada sanin ya mutu. Wannan asarar ba ta fito a takardar kasafi ba.

Lamarin Amurka daban ne. Nau'inta na biyu, AV-8B, wanda McDonnell Douglas da British Aerospace suka yi tare, ya shiga aiki a 1985 da babban fiffike mara nauyi, ya fi na farko sauƙin tuƙi da ɗaukar kaya. Ya yi Iraƙi, ya yi Afganistan, ya yi Libiya. An rufe layin ƙera shi a 2003. Ka ga ke nan duk wanda ya faɗi ba shi da madadi, kamar shidan da 'yan Taliban suka ƙona a ƙasa a sansanin Bastion na Afganistan a watan Satumban 2012, harin da kwamandan rundunar, Christopher Raible, ya rasa ransa. Ƙarfen jirgi yana da adadin awoyin da zai yi kafin gajiya ta fara tsattsaga shi, kamfanonin da ke yin ƙananan kayansa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, awoyin gyara na ƙaruwa, na tashi na raguwa. Ga kuma makaman kakkaɓo jirage na zamani, waɗanda jirgin da bai kai gudun sauti ba kuma rada na ganinsa sarai ba zai tsira a gabansu ba. A 2024 aka yaye matuƙansa na ƙarshe, aka tsara kammala ajiye shi a 2026. Wannan ba gaggawa ba ce, shekara 55 ke nan.

Magajinsa F-35B ya fi shi ta kusan kowace fuska da soja ke aunawa: ya fi sauti gudu, yana da wuyar gani a rada, na'urorinsa na gani nesa. Yana da tsada ƙwarai, kuma shi ma gyaransa ba wasa ba ne. Hanyar ɗagawarsa daban ce, fanka ce a bayan matuƙi wadda kamfanin Rolls-Royce ke yi, da bututun baya mai lanƙwasowa ƙasa. Babban bambancin shi ne kwamfuta ce ke riƙe da shi in yana tsaye. Matuƙi ya faɗa mata inda yake so, ita ta san yadda za ta yi. Babu liba ta uku. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a jikin wani tsohon Harrier na gwaji mai suna VAAC aka koyi wannan tsari, shi ne ma ya fara sauka da kansa a kan Invincible a 2005.

A nan kewar take, a ganina. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma waɗannan dattawa ba wai sabon jirgin ne bai yi musu ba, da yawansu za su gaya maka ya fi aminci, kuma suna murna 'ya'yansu ba za su sha abin da suka sha ba. Abin da suke kewa shi ne gwanintar da ta tafi da jirgin. A sojan saman Birtaniya, waɗanda suka fi fice a makarantar tuƙi ake turawa Harrier. Mutum ya kwashe ƙuruciyarsa yana koyon abu mai wuya, wanda kuskure kaɗan a cikinsa kabari ne, ya iya shi har ya zama jikinsa, ya binne abokan da ba su yi sa'a ba, sannan a wayi gari babu sauran inda ake buƙatar wannan ilimi a duniya. Ga Turawan Ingila kuma akwai ƙari: Harrier na cikin jiragen yaƙi na ƙarshe da suka zana suka ƙera su kaɗai, har Amurka, wadda ba ta cika sayen jirgin yaƙin wata ƙasa ba, ta zo ta saya. A wuraren nunin jirage yakan tsaya a gaban jama'a, ƙararsa na girgiza ƙirji, ya sunkuyar da hanci kamar mai gaisuwa, sannan ya wuce. Yaran da suka ga wannan su ne manyan da ka gani suna share hawaye.

Tailan ta ajiye nata a 2006, Indiya a 2016. Italiya na sauya nata da F-35B. Wadda ta shiga tsaka mai wuya ita ce Sifaniya: jirgin ruwanta Juan Carlos I ba ya ɗaukar jirgin yaƙi sai mai sauka tsaye, F-35B ne kaɗai irinsa da ake ƙerawa a ƙasashen Yamma, ita kuma ba ta saye shi ba. Don haka take lallaɓa 'yan Harrier ɗin da suka rage mata, tana tara kayan gyara, da fatan su kai ta wajen 2030. Matuƙa da makanikan sansanin Rota, a kudancin ƙasar, su ake sa ran za su zama na ƙarshe da za su tashi wannan jirgi a bakin aiki.